Ranar da Kawu ya je ganin gawar Fir'auna

Aikin gwiwa ne ya kai mu Alƙahira. Kawuna, wan mahaifiyata, ya shekara uku yana sallah a kan kujera, har 'ya'yansa suka haɗa kuɗi aka ce a fitar da shi Masar a yi masa aiki. Da aka zo maganar ɗan rakiya kowa ya kawo uzurinsa, ni ne nawa bai karɓu ba. Abin da ya sauƙaƙa mini tafiyar shi ne ƙanena yana karatu a Azhar, shekararsa ta huɗu ke nan, kuma bakinsa ya faɗa da Larabcin titi na Misirawa, wanda ko kusa bai yi kama da wanda muka koya a Islamiyya ba. Shi ya kama mana gida a Madinatu Nasr, unguwar da ɗalibai baƙi suka yi wa yawa.

Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Bayan mako uku likita ya ce yanzu tafiya ce magani, kullum Kawu ya riƙa takawa. Ran nan muna shan shayi bayan la'asar sai ya dire kofi ya ce, "To tunda tafiya aka ce, ni ba zan bar ƙasar nan ban ga gawar Fir'auna ba."

Ƙanena ya ce, "Kawu, wanne daga ciki?"

"Au, Fir'aunan ma kashi-kashi ne? Na Annabi Musa mana, Shehi."

Tun da yaron ya tafi Azhar Kawu yake kiransa Shehi, rabi girmamawa, rabi tsokana. Shehi kuwa ya gyara zama ya ce ai Fir'auna laƙabin sarauta ne, kuma asalin kalmar a harshen mutanen da ma'anarta babban gida, kamar dai yadda mu ma mukan ce "fada ta ce" alhali sarki muke nufi. Sarakunan da suka hau wannan gadon suna da yawan gaske, sun yi ta bin juna shekara dubbai. Kawu ya saurara har ƙarshe, sannan ya zaro wayarsa ya nuna mana bidiyon da ya daɗe yana yawo a WhatsApp: wata baƙar gawa a kwance, ana karanta ayar Suratu Yunus a kanta. "Wannan nake nufi. 'Yan majalisarmu na jiran hoto."

Ni a sanina a dandalin Tahrir ake ajiye da su, a tsohon gidan tarihin nan mai jan fenti. Shehi ya ce labarina ya tsufa. Ran 3 ga Afrilu 2021 aka kwashe gawarwaki 22, sarakuna maza 18 da mata 4, aka mayar da su sabon gidan tarihi na wayewar Masar da ke Fusɗaɗ. Yana garin aka yi. Kowace gawa da motarta da sunanta rubuce a jiki, cikin akwatin da aka cika da iskar naitirojin don kada ta lalace, an rufe tituna, ga kiɗa ga dawakai, shugaban ƙasa da kansa ya tsaya tarbarsu, aka harba igwa sau 21. Kawu ya ce, "Matattun?" Aka ce masa matattun. Ya girgiza kai ya ɗauki kofinsa.

Washegari da hantsi muka tari tasi. Da Shehi ya ce wa direban "mat'haful hadara", bai ƙara tambaya ba. Fusɗaɗ nan ne Amru ɗan Asi ya kafa sansaninsa a shekarar 641 bayan ya ci Masar, masallacinsa kuma, na farko da aka gina a ƙasar, yana nan kusa. Ginin gidan tarihin fari ne, shimfiɗaɗɗe, da faffaɗan fili a gaba, a gefensa kuma tafkin Ainus Sira. Kuɗin shigar baƙo ya ninka na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba, ɗalibi kuma ana yi masa ragi, don haka Shehi ya yi ta ɗaga katinsa kamar wanda ya ci gasa. Aka kawo wa Kawu keken guragu, ya ce ai shi tafiya ta kawo shi, ya dogara sandarsa.

Babban zauren sama mun ratsa shi ne kawai. Akwai tukwane da gumaka da akwatunan gawa masu zane, da kayan Kiristocin Kibɗawa, da wani yanki na rigar Ka'aba tun lokacin da a Masar ake saƙa ta a aika Makka. A nan ne kaɗai Kawu ya ɗan tsaya. Hankalinsa yana ƙasa.

Ƙasa ɗin kuwa gangara ake yi, haske yana raguwa kana tafiya, sanyi yana ƙaruwa. An yi bangon baƙi, hanyar kuma ƙunci gare ta tana lanƙwasa, wai don mai shiga ya ji kamar cikin kaburburan Kwarin Sarakuna na Luksor yake. A bakin ƙofa na zaro waya, wani ma'aikaci ya ɗaga yatsa ya ce, "Mamnu'." An hana hoto. Na dubi Kawu, shi kuwa wata damuwar ce ta same shi. Ya kamo hannun Shehi ya ce ƙasa-ƙasa, "To nan sallamar maƙabarta ake yi, ko yaya?" Shehi ya ce wannan sallama ta Musulmi ce. Ya ƙara da cewa akwai hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa sahabbai kada su shiga gidajen Samudawa sai suna masu kuka, to ko ba a yi kuka ba, a bar wasa. Kawu ya yi a'uziyya ya sa ƙafar dama, ya tuna, ya janye ta ya sa ta hagu.

An jera su bisa tsarin zamaninsu. Kowane yana cikin akwatin gilas, an lulluɓe shi da ƙyalle zuwa wuya, kai a buɗe, wasu har da hannuwa da yatsun ƙafa. Kusa da wasu an ajiye akwatin katakon da aka same su a ciki.

Na farkon da muka tarar shi ne Seƙenenre Ta'a, kuma da na san haka yake da na shirya. Goshinsa a fashe, sara ba ɗaya ba, bakinsa a yage haƙora waje, yatsunsa a ƙanƙame. Ya yi zamani sama da shekara 3,500 da suka wuce, lokacin da wasu baƙi da ake kira Hiksos suke riƙe da arewacin Masar, kuma masu bincike sun ce saran ya dace da irin gatarin yaƙinsu. Duk wanda ya taɓa zuwa wurin da aka yi hatsarin mota ya san wannan fuskar. Kawu ya ce, "Inna lillahi," ya wuce da sauri gwargwadon abin da gwiwa ta bari.

Amenhotep na ɗaya shi ba a taɓa kwance shi ba a wannan zamanin. Yana nan a naɗe da fuskar katako mai fenti da furannin da aka ɗora masa, sai da na'urar hoton asibiti aka leƙa cikinsa a 2019. Sai Hatshebsut, macen da ta yi sarauta wajen shekara 20 tana sa a sassaƙa ta da gemun sarakuna; gawarta ta daɗe ba a san ta wace ce ba, sai a 2007 aka gwada wani haƙori da aka samu cikin akwati mai sunanta ya dace da gurbin da ke bakinta. Sarauniya Tiye kuwa gashinta na nan, dogo, ya sauko kafaɗa. Na ji wata Bamisira a bayana tana ce wa 'yarta "masha Allah". Seti na ɗaya kamar barci yake, baƙi wuluk, fuska a natse, wanda in a kan gado ka gan shi sai ka rage murya.

Daga shi sai ɗansa, Ramsis na biyu. Nan ne mutane suka fi cunkoso, nan ne kuma Kawu ya gane mutumin bidiyonsa.

Tsoho ne. Abin da ya fara zo mini ke nan, kuma har yau in na tuna shi abin da nake gani ke nan. Dogon wuya siriri, hanci mai lanƙwasa, kumatu sun lotsa, ga ɗan ragowar gashi a gefen kai ya yi ja-ja irin na dattijon da ke sa lalle. Hannuwansa a gicciye bisa ƙirji, na hagu ya ɗan ɗago. Ya yi shekara 66 a kan gado, ya rasu yana da wajen 90, 'ya'yansa sun kusa 100. Shi ya gwabza da Hitiyawa a Kadesh, daga baya suka rubuta yarjejeniyar sulhu, shi ya sa aka fafe dutse a Abu Simbel aka yi gumakansa huɗu a zaune. Likitoci da suka duba shi sun ce ƙarshen rayuwarsa a ranƙwafe yake tafiya saboda ciwon gaɓɓai, haƙoransa kuma sun ruɓe har da ƙurji a muƙamuƙi. Da Shehi ya fassara wannan, Kawu ya dubi sandarsa ya dubi gilashin, ya ce, "Ashe shi ma gwiwa." Na yi dariya, ma'aikaci ya harare ni.

Sai ya tambayi abin da ya kawo shi: "To shi ne?"

Shehi ya ce mu ƙara gaba kaɗan. Akwati na gaba ɗan Ramsis ne, Marnabtah, ɗansa na 13, wanda bai hau gado ba sai da ya tsufa don uban ya ƙi mutuwa, ya binne yayyensa 12. Mai sanƙo ne, da alama mai jiki ne a da, fatarsa ta yi fari-fari. Shehi ya ce a kan waɗannan biyun aka fi yin magana. Marnabtah ne ya bar wani allon dutse, yana can Tahrir, wanda a kansa aka samu sunan Isra'ila mafi daɗewa a rubuce-rubucen Masar. Akwai kuma wani likita Bafaranshe da ya duba gawarwakin a shekarun 1970, ya ce a ganinsa Ramsis ne wanda Annabi Musa ya tashi a gidansa, Marnabtah kuma shi ya nitse. Masu bidiyo suka haɗa labarin biyu suka mai da shi ɗaya, suka ƙara gishiri.

Gishiri kuwa shi ne hujjar da Kawu ya riƙe. Ya ce ai an ce an samu gishirin teku a jikinsa.

Shehi ya ce, "Kawu, duk waɗannan da ka gani akwai gishiri a jikinsu. Da shi aka busar da su. Naɗrun ake ce masa." Ya yi shiru yana neman Hausarsa, sai ya ce, "Kanwa ce fa."

Kawu ya juyo gaba ɗaya, abin da likita ya hana shi. "Kanwa? Kanwar da nake sayarwa?"

Ya kamata in faɗa cewa Kawu ɗan kanwa ne gaba da baya. Mahaifinsa, kakanmu, fatauci ya yi da jakuna yana ɗauko ta daga ƙasar Manga da Borno, Kawu kuma ya gaji rumfar. Mutumin da ya san ungurnu ya san jar kanwa, ya san wadda ake ba shanu da wadda ake jefawa a wake ko a dama wa mai jego kunu, yau aka ce masa da hajarsa aka adana Fir'auna. Tasu daga wani kwari ake haƙo ta tsakanin Alƙahira da Iskandariyya, har yanzu sunansa Wadin Naɗrun. Shehi ya karanto mana yadda ake yi. A zaro ƙwaƙwalwa ta hanci da ƙugiya, a tsaga gefen ciki na hagu a fitar da hanta da huhu da tumbi da hanji a zuba kowanne a tulunsa, a bar zuciya a ciki don a imaninsu ita za a ɗora a ma'auni a lahira. Sannan a binne jikin cikin kanwa wajen kwana 40 har ta tsotse ruwan, a shafe shi da mai da ƙaro, a naɗe da ƙyallen lilin. Aikin duka kwana 70 ne. Shi Ramsis har da masoro aka cusa masa a hanci don kada ya lotse.

Kawu ya daɗe yana kallon Marnabtah, ina jin da idon ɗan kasuwa yake kallonsa yanzu. Can ya ce, "Za ta iya. Kanwa za ta iya."

Amma bai saki zancen ba. Ya karanto ayar da kansa, "Fal yauma nunajjika bi badanika li takuna liman khalfaka aya," ya ce to wannan fa? Abin da Shehi ya ce masa ya burge ni, shi ne ma ranar da na yarda kuɗin makarantarsa bai tafi a banza ba. Ya ce ayar gaskiya ce ko an samu gawa ko ba a samu ba. Malaman tafsiri na farko sun ce teku ta jefo jikinsa ne don Banu Isra'ila su gani da idonsu su tabbata ya mutu. Alƙur'ani bai faɗi sunansa ba, kuma babu wani allo a ɗakin nan da ya ce ga wanda ya nitse. Wanda duk ya nuna ɗaya ya rantse, ya faɗi abin da Littafin bai faɗa ba. Kawu ya ce, "Wato dai ba za ka nuna mini ba." Shehi ya ce, "Ba zan yi maka ƙarya ba, Kawu."

Sauran mun bi su ne Kawu yana ɗan fushi. Sibtah da shanyayyar ƙafarsa ta hagu. Ramsis na biyar da ƙuraje a fuska, waɗanda ake kyautata zaton agana ce. Kawu, da ya ga agana da idonsa yana yaro, ya leƙa ya gyaɗa kai. Fushin bai wuce ba sai a gaban Ramsis na uku. Shi wannan wata matarsa ce ta ƙulla makirci da wasu fadawa don ɗanta ya hau gado. Takardar shari'ar da aka yi musu tana nan har yau a birnin Turin na Italiya, amma sai a 2012 hoton na'ura ya nuna cewa a ƙarƙashin ƙyallen wuyansa yanka ne har ƙashi. Kawu ya ce, "'Yan'ubanci! Ka ji, Shehi? Tun can yake." Shi da ke da mata uku, mun bar shi ya yi sharhinsa.

Yadda aka yi suka taru wuri ɗaya ma labari ne. Kowannensu da kabarinsa aka binne shi, cike da zinariya, ɓarayi suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wajen shekara 3,000 da suka wuce limaman addininsu suka tattara abin da ya rage, suka sake naɗe su, suka rubuta sunan kowa da tawada a jikin ƙyallen ko akwatin, suka ɓoye. Da wannan rubutun ne aka san yawancinsu. Maɓoya ɗaya, a Dairul Bahari, wasu 'yan gidan Abdur Rasul na ƙauyen Ƙurna suka gano ta suna ta sayar da kayan a ɓoye shekara da shekaru, har asiri ya tonu a 1881, hukuma ta kwashe komai cikin kwana biyu ta loda a jirgin ruwa zuwa Alƙahira. Waɗanda suka raka jirgin sun rubuta cewa matan ƙauyuka sun fito bakin Nilu suna kururuwa, maza suna harba bindiga, kamar yadda suke yi in an yi musu mutuwa. Maɓoya ta biyu a kabarin Amenhotep na biyu aka same ta a 1898, a nan Marnabtah yake. Ramsis na biyu kuma har Faransa ya je jinya: a 1976 aka ga funfuna tana cinsa, aka ɗauke shi a jirgin sama zuwa Paris, sojoji suka yi masa faretin tarbar sarki, aka yi masa magani ya dawo a shekara ta gaba. Kawu ya ce to ashe ba shi kaɗai ake fitarwa waje ba.

Ni dai tun wajen akwati na biyar wani abu ya tsaya mini a ƙirji. Mu mutanen da in mutum ya cika da safe kafin azahar an kai shi, waɗanda ake koya wa cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, waɗanda mai wankan gawa ba ya faɗin abin da ya gani, ga mu mun sayi tikiti muna leƙen haƙoran wani. Kuma waɗannan mutane duk wahalar da suka sha ta kwana 70 da fafe duwatsu, don kada ido ya sake ganinsu suka yi ta. Ba ni kaɗai abin ya taɓa damu ba, don shugaba Anwar Sadat ya taɓa sa an rufe ɗakin gawarwakin na Tahrir, ya zauna a rufe sama da shekara goma. A ganina sabon wurin ya yi ƙoƙari: duhu, shiru, sutura zuwa wuya, hana hoto. Hana hoton nan da ya ba ni haushi a bakin ƙofa, kafin mu fito na ga shi ne daidai. Duk da haka ban fasa kallo ba, har na koma wajen Seti sau biyu.

Muka fito haske ya kashe mana ido. A bakin tafki muka samu kujeru, aka kawo shayi da na'ana'a, Kawu ya miƙe ƙafa yana murza gwiwa. Ya yi tafiyar da bai yi irinta ba cikin shekara uku, bai ma lura ba. Shehi yana lissafin ko za mu samu azahar a masallacin Amru, sai wayar Kawu ta yi ƙara. Abokinsa ne na majalisa, muryarsa har inda nake.

"Alhaji, ka gan shi? Ina hoton?"

"Sun hana hoto."

"To amma ka gan shi dai?"

Kawu ya dubi Shehi, Shehi ya sunkuyar da kai cikin kofinsa. Ya ce, "Na ga sun fi goma sha biyar, duk tsofaffi ne irinmu, sai 'yan kaɗan. Bari wannan tukuna. Ka san da me aka shanya su?"